Kafin Mu Yi Wa Jirgin Haɗin Gida Tafi, Mu Tambayi Yadda Mai Ke Isa Inji

Duk mai bibiyar TikTok ko Facebook ya taɓa cin karo da irin bidiyon nan: matashi ya haɗa jirgin sama a bayan gida, ya sha fenti, farfela na juyawa, jama'a na kabbara. Nan take sharhi zai cika da addu'a da kiran gwamnati ta taimaka. Ni ma ina jin daɗin ganin haka. Tun 2007, lokacin da Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin Jami'ar Bayero ta Kano, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin Honda Civic, duniya ta san akwai basira a Arewa.

Sai dai har yau ban ga wanda ya yi tambayar da ta fi muhimmanci a ƙarƙashin waɗannan bidiyoyi ba: yaya mai ke tashi daga tanki ya isa inji, kuma me zai faru idan ya yanke? Ra'ayina shi ne, duk jirgin da maƙerinsa bai iya amsa wannan ba, bai kamata ƙafarsa ta bar ƙasa ba. Idan mai ya yanke wa ɗan kabu-kabu a Gawon Nama, gefen titi zai gangara ya tura. Wanda ke sama ba shi da gefen titi.

Bari mu fara daga abin da muka sani. A babur, tanki yana sama, kafireto yana ƙasa, nauyi ne ke gangaro da mai. Haka ƙananan jirage masu fukafuki a sama, irin tsofaffin Cessna 172, suke aiki. Amma idan fukafukan a ƙasa suke, kamar Piper Cherokee, tankin yana ƙasa da inji, dole sai an turo man. Shi ya sa ake sa famfo biyu: ɗaya inji ke juya shi, na biyun na lantarki ne mai makunninsa daban. Matuƙi kan kunna na biyun lokacin tashi da sauka, domin a nan ne idan na farko ya mutu babu tazarar da za a yi dabara.

A Sakkwato akwai ƙarin dalili, wato zafi. A watannin Afrilu da Mayu zafinmu kan haura digiri 40, alhali wasu sinadaran da ke cikin fetur ɗin mota na fara tafasa tun kafin a kai nan. Haɗa wannan da zafin inji, da famfon da ke zuƙo mai daga nesa, wanda ke rage matsi a cikin tiyo. Sai man ya koma tururi, famfo ya yi ta zuƙar iska, inji ya mutu alhali tanki a cike. Maganin a tsarin yake: a sa famfon lantarki a ƙasa kusa da tanki don ya riƙa turawa maimakon zuƙowa, a nisanta tiyo daga salansa, a lulluɓe shi da abin tare zafi, a kuma bar siririyar hanya da za ta mayar da rarar mai da tururi cikin tanki.

To amma kada wani ya ji haka ya ruga kasuwar kayan gyara ya sayo famfon mota ya ɗaura. Famfon motocin zamani masu injekta kan tura mai da matsin da ya kai ba 3, alhali injin jirgi mai kafireto irin Rotax 912 bai son ya wuce kusan ba 0.4. Ka haɗa su kai tsaye, mai ya ambaliye kafireto, inji ya shaƙe, ga haɗarin gobara. Famfo na biyu ba ya gyara tsarin da aka gina a karkace.

Misalin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na mawaƙin Amurka John Denver, wanda ya rasu ranar 12 ga Oktoba 1997 a jirgin haɗin gida samfurin Long-EZ da ya saya a hannu. Wanda ya haɗa jirgin ya kauce wa zane, ya sa makullin sauya tanki a bayan kafaɗar hagu ta matuƙi. Masu bincike sun gano cewa man tankin da yake sha ya ƙare, ya juya jiki don ya kai hannu ga makullin, jirgin ya ƙwace masa ya faɗa teku a Kalifoniya. Wurin da aka ajiye hannun makulli guda yana cikin abin da ya ci ransa.

Sai kuma shi kansa man. A Fabrairun 2022 an shigo da fetur mai yawan methanol Najeriya, motoci da dama suka lalace. Wanda zai zuba man 'yan bumburutu a jirgi ya tuna da wannan. Ruwa ya fi fetur nauyi, a gindin tanki yake kwanciya, don haka dole a bar mazurara a can ƙasa a riƙa tsiyaya ana dubawa kafin kowane tashi. Ƙurar hunturu na toshe matacin mai, zanzaro kuma na iya gina ɗakinsa a bakin hancin da tanki ke shaƙar iska. Idan hancin ya toshe, ko famfo goma ka sa mai ba zai fito ba.

Na san wasu za su ce wannan kashe gwiwa ne, yaro da ɗan abin da ya tara ina zai samu waɗannan kaya? Amma gwajin da ya fi muhimmanci jarka da agogon wayarka kawai yake buƙata. Ƙa'idar da aka daɗe ana bi a Amurka ita ce: tsarin gangara ya ba da kashi 150 cikin 100 na abin da inji ke sha lokacin tashi, mai famfo kuma kashi 125. Idan injinka na shan lita 20 a awa, gangara ta ba da lita 30, wato rabin lita a minti ɗaya. A ɗaga hancin jirgin kamar yana hawa, a rage man tanki sosai, a cire tiyo daga kafireto, a auna a fili nesa da wuta.

Kuma ba a ce ba za mu iya ba. Jirgin Air Beetle da aka haɗa kusan 60 a Kaduna don horar da sojojin sama, asalinsa Van's RV-6A ne, wanda mutane ke haɗawa a garejinsu a Amurka. Abin da ya sa ya tashi lafiya shi ne zane, gwaji da takardu. Muna da Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama a Zariya tun 1964, ga hukumar NCAA da dole a nemi izininta kafin a tashi. Jami'ar Usmanu Danfodiyo da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi suna iya buɗe wa irin waɗannan matasa ɗakunan gwajinsu.

Mu kuma masu riƙe da waya, mu daina zuga su da “tashi mu gani”. In ka ga bidiyo na gaba, rubuta masa: ina tankin yake, famfo nawa ne, lita nawa yake bayarwa a minti? Wanda ya amsa, shi ya cancanci gudummawarmu.