Dokar Tsakar Dare ta Koriya da Daren Ɗalibin Safana

A 2011 Koriya ta Kudu ta kafa doka ta hana duk yaron da bai kai shekara 16 ba buga wasannin intanet daga sha biyun dare zuwa shidan safe. Iyaye da malamai ne suka gaji da ganin yara na kwana gaban kwamfuta, gari ya waye suna gyangyaɗi a aji. Shekara goma ana fama, a 2021 gwamnati ta ce ta janye. Yaran sun riƙa shiga da lambar shaidar iyayensu, wasan kansa kuma ya baro kwamfuta ya tare a wayar hannu, inda dokar ba ta kai ba.

A shekarar 2021 ɗin dai mu ma muka ɗanɗani namu. A watan Satumba, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Katsina saboda 'yan bindiga, Safana da Batsari da Ɗanmusa da Dutsin-Ma duk suna ciki. Duk wanda ya yi watannin nan a gida ya san yadda uwa ke kwana ba ta ji muryar ɗanta ba, ya san tafiyar da ake yi zuwa wani gari don kira ɗaya tak. Shi ya sa idan na ji dattijo ya ce a ƙwace wayoyin yaran nan kowa ya huta, nakan fahimci zafin da ya sa shi faɗa, amma ba na bin bayansa.

Ɗauki yaron Runka ko Zakka, a ƙaramar hukumar Safana, da ke karatu a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma ko Kwalejin Isa Kaita. Bayan isha'i ya buɗe littafi, waya ta yi ƙara. Guruf ɗin garinsu ne a WhatsApp: an ga babura sun fito ta wajen Dajin Rugu. Yaya zai yi ya ƙi dubawa? Ya duba, ya kira gida, aka ce lafiya lau. Amma gabansa bai daina faɗuwa ba, sai ya leƙa TikTok ko hankalinsa zai kwanta, wani bidiyo ya miƙa shi ga wani, har ƙarfe biyu. An gina manhajojin ne yadda ba su da shafin ƙarshe, kuma mai fargaba ya fi kowa saurin faɗa musu. Gobe a aji a ce ba ya da ƙoƙari. Wallahi wannan yaron tausayi yake ba ni.

Abin da ya yi aiki a wani wuri bai kai dokar Koriya girma ba. A 2015 masu bincike biyu, Louis-Philippe Beland da Richard Murphy, sun bi sakamakon jarrabawa a makarantun Landan, Birmingham, Leicester da Manchester da suka hana shiga da waya. Sakamako ya tashi, kuma masu rauni a aji su suka fi cin riba. Haziƙai kusan suna nan yadda suke. Raba waya da wurin karatu kawai aka yi na wasu awanni. Faransa ma ta mai da hakan doka a 2018.

Namu ɗalibin ba zai iya kashe layi ba, don haka abu biyun nan ya kamata a raba masa: kiran gida daban, guruf da bidiyo daban. Ƙaramar waya mai tocila ta ishe shi daga magariba zuwa asuba, lambarta na hannun Baba da Inna da yayansa. Babbar ta kwana a kulle cikin akwati, ko a wajen abokin ɗakin da zai iya ce masa a'a. In akwai labarin da dole ya ji cikin dare, 'yan gida za su kira shi.