Wa Ya Ce Sai Labari Ya Ƙare da Toka Yake Zama Adabi?

Akwai ra'ayin da ya samu gindin zama a tsakanin masu sharhin adabi, wai labarin kimiyya na ƙirƙira ba ya zama na manya sai ya nuna duniya ta wargaje, gwamnati na leƙen asirin kowa, ɗan Adam ya koma cin naman ɗan'uwansa. Wanda aka gani riƙe da littafin da ya ƙare da alheri, ko na jarumi mai tashi sama, sai a dube shi shekeke, kamar babba da ya ƙi girma. Ra'ayin yana da tushe. Littafin 1984 na George Orwell, wanda ya fito a 1949, ya cancanci girman da ake ba shi, haka ma Watchmen na Alan Moore da Dave Gibbons, wanda a 1986 ya tuɓe wa jarumai rigar tsarki. Ɓarnar ta zo ne daga 'yan kwaikwayo, waɗanda suka ɗauka baƙin ciki shi ne zurfin tunani, suka shekara kusan arba'in suna sayar mana da toka.

A wajen marubuci, rushe duniya shi ne aiki mafi arha. Bam ɗaya ko annoba ɗaya ta isa, ba wanda zai tambaye shi hujja, don kowa na sauraren labarai. Wanda ya ce al'amura za su gyaru shi ke da jan aiki, domin dole ya nuna ta yaya, da kuɗin wa, kuma wa zai yi asara. A The Ministry for the Future na 2020, Kim Stanley Robinson ya buɗe da zafin rana a Indiya wanda ya kashe mutum miliyan 20. Mutanen wani gari sun tsunduma cikin tafki don neman sanyi, ruwan ya fi jikinsu zafi, gari ya waye da gawarwaki. Daga nan littafin ya shiga abin da masu son toka ba su da haƙurin rubutawa: zaman ja-in-ja da shugabannin manyan bankuna kan sabon kuɗin da za a riƙa biyan duk wanda ya rage hayaƙin da ke ɗumama duniya, da injiniyoyi a Antaktika suna zuƙo ruwa daga ƙarƙashin ƙanƙara don rage gudun zamewarta cikin teku. Ursula Le Guin ma, a The Dispossessed na 1974, ta gina al'ummar da ba ta da mai mulki, sannan ta jefa ta cikin fari da yunwa don a ga ko za ta tsaya da ƙafarta. Ina yarintar take a nan?

Za a ce ai gudun gaskiya ne, mutum ya ɓuya a cikin mafarki. To a duba abin da mafarkin ya haifar. Shirin Star Trek ya fara a 1966, Amurka na tsakiyar rikicin wariyar launin fata, ya sa baƙar mace, Nichelle Nichols, a matsayin jami'a a ɗakin sarrafa jirgin sama jannati. Da ta yi niyyar barin aikin, Martin Luther King da kansa ya roƙe ta ta zauna. Mae Jemison, baƙar Ba'amurkiya ta farko da ta je sararin samaniya a 1992, ta sha faɗin cewa ganin Nichols ya ƙarfafa mata gwiwa. Mu ma nan ba baƙi ba ne ga irin wannan hange: a 1969, shekarar da aka sauka a kan wata, Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, ya kai yaro Bahaushe yawo cikin taurari.

Sukar da ta fi nauyi ita ce wadda ake yi wa jarumai, cewa suna koya wa mutane naɗe hannu su jira mai ceto, wani ƙaƙƙarfa da ya fi ƙarfin doka. Wannan gaskiya ne a kan da yawa daga abin da kamfanonin Marvel da DC ke fitarwa, inda mugu ba ya mutuwa don kada ciniki ya tsaya. Sai dai asalin abin ba haka yake ba. Superman da Jerry Siegel da Joe Shuster, 'ya'yan Yahudawa 'yan ci-rani a Cleveland, suka fito da shi a 1938, abokan gabarsa su ne mai dukan matarsa da mai cin hanci. A fitowa ta uku ta mujallar Action Comics ya rufe mai mahaƙar kwal da baƙinsa 'yan gayu a cikin rami, har attajirin ya ja ƙararrawar neman agaji ya ga ba ta aiki, kamar yadda leburorinsa suka daɗe da sani. Tambayar da ke ƙarƙashin labarin ita ce me mai ƙarfi zai yi da ƙarfinsa ranar da babu mai iya hana shi, kuma wannan tambaya ce ta manya.

Sababbin marubuta ma sun wuce batun ƙwanji. Binti, jarumar Nnedi Okorafor a gajeren littafin da ya ci kyaututtukan Hugo da Nebula, yarinya ce 'yar ƙabilar Himba mai shafa jan yumɓu a jiki. Halittun da suka kashe kowa a jirginta, ban da ita da matuƙi, ba ta yaƙe su ba. Ta tsaya a gaban malaman jami'ar da za ta shiga, ta sa suka mayar wa sarkin halittun sashen jikinsa da suka sace suka ajiye a gidan tarihi.