A yi wa maƙeran bindigar toka rajista, kada a kora su daji

Duk wanda ya taɓa kallon hawan salla a Zinder ya san rugugin bindigar toka da hayaƙinta. Ta baki ake ɗura mata albarushi, a cusa tsumma, a danna da sanda, a harba sau ɗaya, sannan a koma ɗuri. Shi ya sa ake mata laƙabi da harba-ka-ruga. Da ita maharbi ke neman zabo da zomo. A da, in an ce ƴan bindiga, masu raka sarki ake nufi. Yau kalmar ta koma kan masu satar shanu da mutane, kuma wannan ruɗani yana neman ya shafi maƙerin da bai ji ba bai gani ba.

Sana'ar nan ba jiya aka fara ta ba. Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya sa an ƙera igwa an kuma haɗa albarushi a cikin birnin Zinder, ga bindigogin da fatake ke kawo masa daga Tarabulus. Masana tarihi suna ba shi bindiga wajen 6000 da igwa 40. Ƙasar Kance, wadda Matameye ke cikinta, ta zauna ƙarƙashin wannan iko. Maƙerin ƙauye da ke gyaran kunamar bindiga a yau magajin wannan ilimi ne, ko da bai san sunan Tanimun ba.

Ba mu ce bindiga abin wasa ba ce. Wadda aka yi wa baki da bututun ruwa takan fashe ta tafi da yatsun mai ita, kuma a rikicin manomi da makiyayi ita ma tana kisa. Amma ƴan fashin da suka addabi kudancin Maradi Kalashnikov ke hannunsu, ba kuwa a maƙera ake yin ta ba. Kwace wa tsoho bindigar kakansa abu ne mai sauƙi. Tare fataucin makamai aiki ne.

Hukuma ba ta rasa madafa ba. Tun 1994 Nijar ta kafa hukumar tattara haramtattun makamai, CNCCAI. Dokar farauta ta 29 ga Afrilu 1998 ta tsara lasisi da lokacin farauta. Abin da muke nema shi ne sauran aikin: a ƙirga maƙeran nan tare da hakimai da sarakunan maƙera, waɗanda suka san kowa da gidansu, kowace bindiga a buga mata lamba, a rubuta sunan mai saye, a sa kuɗin rajista daidai aljihun talaka, domin takarda mai tsada cin hanci take haifarwa. Maƙerin da aka tsorata ba ya barin sana'a, ɓuya yake yi, ga iyaka nan kusa a Ɗan Barto.

Tsofaffin bindigogi masu ƙyastu kuwa, waɗanda ke rataye a zaurukan sarakuna da gidajen maharba, a rubuta su cikin kayan tarihi, a kai wasu gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai kafin dillalai su saye su da kuɗin goro.