Kada A Yi Gaggawar Kashe Fitilun Bakin Teku

Tun da na'urar GPS ta shiga jiragen ruwa, watau wadda take karɓar saƙo daga tauraron ɗan'adam ta gaya wa matuƙi inda yake, masu tsara kasafin kuɗi a ƙasashe da dama suke tambaya, wai ina amfanin ci gaba da kashe kuɗi a kan hasumiyoyin nan na bakin teku masu fitila a ka? Tambayar tana da ma'ana, amma a ganina akwai gaggawa a cikinta. Kada kuwa mai karatu na Kano ko Maraɗi ya ce ba ruwansa, domin da yawa daga hajar da ke kasuwarsa ta tashar Legas ko Kwatano ta shigo.

Ita wannan hasumiya dogon gini ne da ake kafawa a gaɓa ko a kan dutsen da ke tsakiyar ruwa, kuma kowace da irin ƙyaftawar fitilarta. Alal misali ta Eddystone a Ingila takan ƙyafta sau biyu cikin kowace daƙiƙa 10. Matuƙi ya ƙidaya, ya duba littafinsa, shi ke nan ya san wace gaɓa ce a gabansa.

Wadda ta fi kowace suna ita ce ta Iskandariyya a Masar, wadda aka gama wajen shekara 280 kafin haihuwar Annabi Isa, tsawonta ya zarce ƙafa 300. Ta yi fiye da shekara 1,500 a tsaye, ana gyara ta a kai a kai, har girgizar ƙasa ta 1303 da ta 1323 suka karya ta. Ibn Batuta ya gan ta cikin 1326, gefe ɗaya ya zube. Da ya komo cikin 1349 sai ya tarar ko ƙofarta ba a iya kaiwa, ya kuma rubuta cewa Sarki Nasir ya soma gina wata a kusa, mutuwa ta hana shi gamawa. Babu wanda ya ɗora. Daga ƙarshe Sarki Ƙaitbai ya gina ganuwa a gurbinta daga 1477. To, a dubi takwararta da Rumawa suka gina a garin Koruña na Sifen. Ita ma ta yi ƙarnoni a yashe, mutanen gari suna kwasar duwatsunta, amma cikin 1788 hukuma ta ware kuɗi aka gyara ta, ga ta nan har yau tana haskawa.

Labarin Eddystone kuwa ya fi kowane nuna irin naci da wannan aiki yake bukata. Dutse ne a tsakiyar ruwa, mil goma sha wani abu daga Plymouth, wanda ya ci jirage ba iyaka. Henry Winstanley ya kunna fitilar farko a kansa cikin 1698, guguwar 1703 ta tafi da ginin da shi kansa. Aka sake gina wata, gobara ta cinye ta cikin 1755. John Smeaton ya gina ta uku da duwatsu masu shiga cikin juna, aka kunna ta cikin 1759 da kyandir 24 kacal. Da igiyar ruwa ta soma cin dutsen da ke ƙarƙashinta, sai aka gina ta huɗu cikin 1882. Sau huɗu ke nan a wuri ɗaya, ba wanda ya ce a haƙura. Abin da ya kamata ma'aikacin gwamnati ya lura da shi shi ne inda kuɗin suka fito: jiragen da ke amfana ne suke biyan harajin fitila a tashar da suka sauka. Haka ake yi har yanzu, da harajin ne ake riƙe hukumar Trinity House, wadda ta sami takardar izininta tun 1514.

Gaskiya ne zamani ya canja. Cikin 1823 Augustin Fresnel ya kafa gilashinsa mai zobba a hasumiyar Cordouan ta Faransa, wanda yake tattara hasken fitila ɗaya ya jefa shi mil 20 ko fiye. Daga baya lantarki ya zo, masu gadin fitila suka zama ba dole ba, na ƙarshensu a Ingila suka sauka cikin 1998. Amma ai wannan hujja ce a kan masu son a kashe, domin albashi da abinci da jigilar ma'aikata su ne tsadar, kuma sun tafi. Yau ƙaramin ƙwai mai aiki da hasken rana ya wadatar a wurare da yawa.

Ita kuma GPS ba ta da tabbacin da ake ba ta. Cikin 2017 fiye da jirage 20 a Baƙin Teku suka ga na'urorinsu suna nuna musu wai suna kan tudu, kusa da wani filin jirgin sama. Tun daga nan toshe saƙon ko gurɓata shi ya zama ruwan dare a tekun Baltik da Tekun Fasha. Mai gaba zai iya ruɗa na'ura daga nesa, amma ba shi da hanyar ruɗa idon matuƙin da ke ƙidayar ƙyaftawar fitila. Balle masunci mai ƙaramin kwalekwale, wanda batirin wayarsa kan mutu da tsakar dare.

In kuwa ginin ne ya yi wa hukuma nauyi, akwai mafita. Amurka ta yi doka cikin 2000 wadda ta ba da damar miƙa tsofaffin hasumiyoyi ga ƙananan hukumomi da ƙungiyoyi, ko a sayar, su riƙe ginin, masu yawon buɗe ido su hau su biya, fitilar kuwa a yawancinsu ta ci gaba da zama a hannun hukumar tsaron gaɓa. Ƙasashen Afirka ta Yamma masu irin ta Mamelles a Dakar, wadda take aiki tun 1864, ko ta Jamestown a Akra, ya kamata su duba wannan tsari tun gishirin teku bai gama cin ƙarafan ba.