Ƙunar Daji Da Lokacinta

Ya ku malamai da fatake, ku sani hunturu ya gabato, ciyawar bayan ganuwa, tun daga Ƙofar Gayan har ƙauyuka, ta soma bushewa. In ba mu ƙone ta da hankali ba, mai farautar gafiya zai ƙone mana ita da ganganci.

Wutar Nuwamba sannu take tafiya, domin ciyawa da sauran danshi, raɓar dare ta kashe ta, ɗorawa da kaɗanya su tsira. Amma wutar Janairu da Fabrairu iska ke korar ta, ta ci rumbu da auduga da harawa. Hasarar manomi kuwa ita ce hasarar falke.

Saboda haka a yanke gamba tukuna, a share tsakanin daji da dawar da ba a girbe ba, a sanar da mai unguwa da maƙwabta, sa'an nan a ƙona da la'asar in iska ta kwanta. Masu karatun Muhtasar sun san Shehu Halil ya ɗora biyan ɓarna a kan wanda ya hura wuta ranar iska mai ƙarfi.

Allah ya kiyashe mu da gobara, amin.