Kafin ka tare a unguwar manya a Madina

Idan Allah Ya buɗa wa ɗan uwanmu a Madina, albashi ya ƙaru ko kasuwa ta yi albarka, abin da yake fara zuwa masa a rai shi ne tashi daga tsohuwar unguwa. Sai a shiga lissafi: Khalidiyya ce, ko Shuran, ko kuwa can wajen Sulɗana inda manyan shaguna suke? Ni ban ga laifin wannan buri ba. Wanda ya yi shekaru a ɗaki biyu a Sih ko Harra, yara bakwai banɗaki ɗaya, ya cancanci ya miƙe ƙafa. Damuwata ita ce yadda muke zaɓen. Sau da yawa sunan unguwar muke saye, don a ji a Kano ko Maraɗi a ce Alhaji ya faso gari.

'Yan uwanmu na Amurka in za su zaɓi unguwa, makarantar yara suke fara dubawa, don a can adireshinka ne yake nuna makarantar gwamnatin da ɗanka zai shiga. Mu a nan ma'auninmu Harami ne. Shi ya sa dillalan gidaje suke rubuta cewa gida yana cikin haddin Harami, kuma kuɗin ya kan tashi saboda haka. Ladan salla a Masallacin Annabi (SAW) ba abin musu ba ne. Amma ina son mai neman gida ya tambayi kansa tsakani da Allah: a watan jiya sau nawa ya je? Na san mutanen da suke hango hasumiyoyin Harami ta taga, amma daga Juma'a sai Juma'a, aiki ya riƙe su. Na kuma san dattijon da yake bayan titin zobe na biyu, wato titin Sarki Abdullah, Asuba ba ta wuce shi a Harami.

Sai batun kuɗi, wanda ba ma son a taɓo. Tun watan Yulin 2017 aka fara karɓar kuɗi a kan kowane mutum da ke ƙarƙashin igamar ma'aikaci baƙo, riyal 100 a wata, ana ƙarawa har ya kai 400 a 2020. Mai mata ɗaya da 'ya'ya huɗu, riyal 2,000 ke nan duk wata, 24,000 a shekara, tun bai biya haya ba, bai biya wuta ba a garin da na'urar sanyaya ɗaki ba ta hutawa in zafi ya haura 40. Haya kuma a nan ta shekara ce, in an yi maka sauƙi a raba maka biyu. Ga igamarka a hannun wurin aikinka take. Ran da kwangila ta ƙare, mai gida ba ruwansa, yarjejeniya tana nan a rubuce a Ejar.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne uwargida. Kai ka fita tun safe. Ita ce za ta wuni a unguwar. A tsohuwar unguwa tana da maƙwabciyar da za ta aika wa yaro ya karɓo daddawa ko kuka, akwai mai kitso, akwai masu adashi, in ta haihu akwai mai zaman jego da mai dama kunun kanwa. A unguwar manya kowa ya ja ƙofarsa, katanga doguwa, titi fayau ba mai tafiya a ƙasa. Maƙwabtan mutanen kirki ne, za ku gaisa a masallaci, amma ba za su shigo su taya ta hira da Hausa ba. Yara kuma Larabci a makaranta, Larabci a waya, in babu sa'o'insu Hausawa a kusa, nan da shekara kaɗan kakarsu za ta kira su su yi ta kallon juna.

Ba ina cewa a liƙe wa tsofaffin unguwanni ido rufe ba. Mun ga abin da ya faru a Jidda daga ƙarshen 2021, lokacin da aka rushe su Karantina da Gulail da Sabil, mutanenmu da yawa suka kwashe kaya cikin gaggawa. A nan ma tun 2022 aka sanar da aikin Ru'a al-Madina a gabashin Harami, kuma duk gidan da ke kusa da irin wannan aiki sai an yi tambaya kafin a sa hannu. Tashi wani lokacin dole ne.

In za a tashin, shawarata ita ce a tafi da uwargida ta ga unguwar da la'asar, ba hoto a waya ba. A ƙirga gidajen Hausawa nawa ne za ta iya zuwa da ƙafa. A duba makarantar yaran da asibiti. In da hali ku haɗa kai gida biyu ko uku ku kama bene ɗaya, ko a wajen Ƙuba ne ko wajen Jami'ar Musulunci inda ɗalibanmu masu iyali suke.

Ku kuma 'yan uwa na gida, don Allah ku rage tambayar "wace unguwa kake yanzu?" Kuɗin da za a ƙara a haya don a ba ku amsa mai daɗi, daga cikin wanda ake turo muku na abinci da na makaranta za a cire shi.