Zari-Ruga: Mai Jiran Riba Ya Fara Duba Jarinsa

Gabatarwa

Malamaina da 'yan'uwana ɗalibai, abin da nake so mu duba a wannan fitowa shi ne irin sa ran da magoya baya suke yi wa ƙungiyar ƙasarsu in ta fita gasa a waje, musamman a wasan nan da Hausawa suka laƙaba wa suna zari-ruga. Na san wani zai ce me ya haɗa kifi da kaska, tun da ko a unguwa irin Koki, inda samari suke raba dare wajen musun ƙwallon ƙafa, ba kowa ne ya san dokokin wannan wasa ba. To, wannan shi ne ma dalilin da ya sa na zaɓe shi. Wasan da bai riga ya shiga jininmu ba, shi ne za mu iya auna shi da sanyin zuciya, kafin ranar da za mu fara yi wa 'yan wasansa irin abin da muka saba yi wa na ƙwallon ƙafa. Ra'ayina a taƙaice shi ne, sa rai haƙƙin mai goyon baya ne, amma fa gwargwadon jarin da ƙasarsa ta zuba a wasan, kuma duk abin da ya wuce nan zalunci ne ga yaran da aka tura fili.

Wasan da gasarsa

Zari-ruga ya samo sunansa na Turanci daga wata makaranta da ke garin Rugby a Ingila, inda ake cewa a 1823 wani ɗalibi, William Webb Ellis, ya zari ƙwallo da hannu ya ruga da ita. Ko labarin ya inganta ko bai inganta ba, sunan wannan ɗalibi aka sa wa kofin duniya na wasan. Ana yin sa da mutum 15 a kowane ɓangare, na tsawon minti 80. Akwai kuma ɗan ƙaraminsa na mutum bakwai-bakwai, wanda yawanci minti 14 ne kacal. Ba a jefa wa ɗan'uwa ƙwallo gaba da hannu, sai baya ko gefe, saboda haka ba a cin ƙasa sai da gudu ko bugu ko turereniya. Wanda ya dangwara ƙwallo a bayan layin abokan karawa ya ci maki 5, in kuma aka yi bugun ƙari ta wuce tsakanin turaku a ƙara maki 2.

An fara gasar kofin duniya a 1987, a Niyu Zilan da Ostareliya. Daga nan zuwa ta 2023 da aka yi a Faransa an yi ta sau goma, kuma ƙasashen Afirka huɗu ne kaɗai suka taɓa leƙa ta, watau Afirka ta Kudu da Namibiya da Zimbabuwe da Kwaddebuwa. Afirka ta Kudu ta ɗauki kofin sau huɗu, a 1995 da 2007 da 2019 da 2023. Namibiya kuwa ta je sau bakwai a jere daga 1999 zuwa 2023 ba ta ci wasa ko ɗaya a fili ba, har a 2003 Ostareliya ta lallasa ta da maki 142 ba ko ɗaya. Ƙungiyarmu ta Nijeriya, wadda ake kira Black Stallions, watau baƙaƙen ingarmu, ba ta taɓa samun shiga ba. Gasar 2027 da aka tsara yi a Ostareliya an faɗaɗa ta zuwa ƙasashe 24, amma gurbin Afirka Zimbabuwe ce ta same shi, bayan ta doke Namibiya a Kampala a 2025. Haka nan tun da aka shigar da na mutum bakwai cikin wasannin Olamfik a 2016, ba a ga tutarmu a can ba.

Lissafin fatake

Mutumin Koki bai kamata ya sha wahalar fahimtar wannan magana ba, domin unguwar ta yi suna ne da fatauci. A wannan yanki na Koki da Sarari Alhaji Alhassan Ɗantata ya zauna, wanda ya fara da fataucin goro na Gwanja, ya koma sayen gyaɗa bayan jirgin ƙasa ya iso Kano, har ya rasu a 1955 yana cikin manyan attajiran Afirka ta Yamma. Mutanen wancan zamani ba su sallamar ayari sai sun san adadin jakuna da kayan da aka ɗora musu, sun san madugu da jagaba, sun san zangunan da za a yada da fiton da za a biya a kowane kogi. Tafiyar watanni ce, kuma wanda ya ba da jarin jaki biyu ba ya zama a zaure yana jiran ribar jaki ɗari. In ayari ya dawo da asara, akan zauna a bi lissafi zango-zango, a ga ko ɓarna daga hanya take ko tun daga gida aka fita da ita.

Abin mamaki, jikokin waɗannan mutane, da mu duka, muna ajiye wannan hankali a ƙofar gidan kallon ƙwallo. Da zarar an ce Nijeriya za ta kara da wata ƙasa, hujjarmu ɗaya ce, wai mu ne giwar Afirka, mun haura mutum miliyan 200. Amma fili mutum 15 yake ɗauka, kuma abin da yake tambaya shi ne daga cikin yara nawa aka tace waɗannan 15 ɗin, shekara nawa suka yi suna koyo, wa ya koya musu. Niyu Zilan mutanenta ba su wuce miliyan biyar da ɗoriya ba, amma ta ɗauki kofin sau uku, a 1987 da 2011 da 2015, saboda yaro yana tashi ya tarar da wasan a makarantarsa da ƙauyensu.

Kada kuma a ce jikinmu ne bai dace da wasan ba. Andrew Harriman, haifaffen Ikko, shi ya jagoranci Ingila ta ci kofin duniya na mutum bakwai a 1993. Victor Ubogu da Steve Ojomoh, su ma haifaffun Nijeriya, sun buga wa Ingila a shekarun 1990. Maro Itoje, wanda iyayensa 'yan Nijeriya ne, an naɗa shi kyaftin ɗin Ingila a 2025. Iri namu ne, amma a gonar wasu aka shuka shi, su suka yi noma da ban ruwa, don haka rumbunsu ya cika.

Abin da za a iya cewa

Mai musu zai ce, ashe ba a yin abin al'ajabi a wasa? Ana yi mana. A 2015, a garin Brighton na Ingila, Japan ta doke Afirka ta Kudu da maki 34 da 32, duniya ta riƙe baki. Amma wanda ya bi diddigi zai tarar an fara zari-ruga a jami'ar Keio ta Japan tun 1899, kuma manyan kamfanonin ƙasar sun daɗe suna riƙe da kulob-kulob. Mu ma muna da namu misalin a ƙwallon ƙafa. A Atlanta a 1996, Birazil tana gaba da ci 3 da 1 muka farke muka ci 4 da 3, muka kuma doke Ajantina 3 da 2 muka ɗauki zinare. To, amma Nwankwo Kanu da Celestine Babayaro suna cikin yaran da suka ci kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 a Japan a 1993, kuma tun 1985 yaranmu suka fara ɗauko irin wannan kofi a ƙasar Sin. Abin da mai kallo ya ɗauka sa'a ce ta dare ɗaya, girbi ne na shukar shekaru.

Wani kuma zai ce, mu talakawa ne, ina muka ga jarin? Wannan tambaya tana da nauyi, amma jari bai tsaya ga kuɗi ba. Tsibiran Fiji mutanensu ba su kai miliyan ɗaya ba, ba su kuma cikin ƙasashe masu arziki, amma a Olamfik na 2016 a Birazil suka doke Birtaniya da maki 43 da 7 suka ci zinare, suka sake ci a Tokyo a 2021. Jarinsu shi ne yawan yaran da ke buga wasan a kowane ƙauye, ko da ƙwallo ko da abin da ya samu. Kenya ma, wadda ba ta fi mu arziki ba, ta ci gasar mutum bakwai ta Singafo a 2016, bayan shekaru tana raya wasan a makarantun sakandare.

Akwai kuma masu cewa ihun magoya baya shi ke ƙara wa ɗan wasa ƙarfi, in aka rage sa rai an kashe masa gwiwa. Na yarda cewa kirari yana tada ɗan dambe, amma makaɗin kirki ba ya zuga yaro ya tari wanda ya fi ƙarfinsa don kawai 'yan kallo su ji daɗi. Zari-ruga wasa ne na karo da kayarwa. A gasar 1995 Sikotilan ta ci Kwaddebuwa 89 ba ko ɗaya, kuma a wasansu da Tonga ɗan wasansu Max Brito ya ji rauni a wuya, ya shanye har ƙarshen rayuwarsa. Wannan ya isa ya tuna mana cewa wanda muke yi wa ihu daga kan benci, jikinsa ya kai fili.

Halinmu in an sha kashi

Abin da ya fi damuna shi ne inda fushinmu yake sauka. A 1977, a Ikko, Godwin Odiye ya ci gidansu bisa kuskure a wasanmu da Tunisiya, muka rasa zuwa kofin duniya na 1978. Yana cikin waɗanda suka ɗauki kofin Afirka a 1980, lokacin da aka doke Aljeriya 3 da nema, amma har yau in an ambaci sunansa wancan kuskure ake fara tunawa. A watan Fabrairu na 2024, bayan Kwaddebuwa ta doke mu 2 da 1 a wasan ƙarshe a Abijan, aka yi wa Alex Iwobi ruwan zagi a intanet har ya goge hotunansa daga Instagram. Ƙungiyar da ta kai wasan ƙarshe ke nan. Ina ga yaran zari-ruga, waɗanda ba mu san sunayensu ba, ba mu taɓa zuwa kallon atisayensu ba, ranar da za mu ji a rediyo cewa an ci su da maki hamsin?

Mu dubi yadda masu abin suke yi. A 2007 Faransa ta fitar da Niyu Zilan tun a zagayen kusa da na kusa da ƙarshe, da maki 20 da 18, abin da bai taɓa faruwa da su ba. Mutanen ƙasar sun fusata ƙwarai, da yawa suka nemi a kori mai horarwa, Graham Henry. Hukumarsu ta zauna ta bi lissafi, ta bar shi a kan aikinsa, kuma a 2011 shi ya ɗauko musu kofin da suka yi shekara 24 suna nema. Wannan shi ne irin zaman da fataken Koki suke yi in ayari ya dawo.

Abin da ya kamata mu sa rai

Ban ce mu naɗe hannu ba. Cewa na yi mu juya sa ranmu zuwa inda zai yi amfani. Na farko, mu nema daga hukumomin wasanni na tarayya da na jiha su mai da hankali ga wasan mutum bakwai, domin shi ne mai sauƙin kuɗi, shi ne kuma yake da ƙofa zuwa Olamfik. Na biyu, mu nemi a shigar da shi makarantu. Kano ba baƙuwa ba ce a nan, domin kulob ɗin Barewa ya yi suna wajen koya wa yaran birnin wannan wasa, sai dai hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Na uku, mu yi tsaye a kan filaye. Yaron da ya tashi a lungunan cikin ganuwa, in filin makarantarsu ya koma shaguna, ba shi da inda zai yi gudun mita ɗari a miƙe, balle ya koyi faɗuwa ba tare da ya karye ba.

Har ila yau muna da wani jari da ba mu lissafa ba. Yaron da ya iya langa ya riga ya san yadda ƙungiya take kare mutum ɗaya, watau ruwa, tana ture abokan karawa har ya kai inda ake so. Wanda ya iya kokawa ya san kama ƙugu da kayarwa da yadda ake faɗuwa. Waɗannan su ne ginshiƙan zari-ruga, kuma a gidanmu suke.

Mu ma na wannan sashe muna da namu kason. Wanda ya fara cewa zari-ruga ya yi wa harshe hidima, domin kalma ɗaya ta bayyana wasan duka. Saura dokokinsa da sunayen wuraren tsayuwar 'yan wasa da hukunce-hukuncen alƙali, waɗanda ke jiran mai ƙirƙiro musu sunaye. Ɗalibin da ya ɗauki wannan a matsayin kundin neman digirinsa, ya fitar da ɗan littafi da malamin firamare da mai sharhi a rediyo za su iya amfani da shi, ya zuba jarin da ya fi ihun shekara goma. Mai kallon da ya fahimci doka shi ne yake iya bambance kuskuren ɗan wasa da gazawar waɗanda suka tura shi.

Kammalawa

In Allah ya kai mu ranar da Black Stallions za su fita wata gasa, abin da ya dace mu tambaya shi ne ko sun fi bara, ko an biya su haƙƙinsu, ko sun sami isasshen atisaye, ko akwai ɗan Kano a cikinsu da ya taso daga makarantar gwamnati. In amsoshin nan sun yi kyau shekara bayan shekara, to a lokacin muna da bakin tambayar kofi. In kuwa ba su yi ba, hukuma za mu tuhuma, sa'an nan mu tuhumi kanmu, mu bar yaran su huta. Ina fatan malamaina za su gyara inda na karkace, 'yan'uwana ɗalibai kuma masu wani ra'ayi su kawo nasu a fitowa ta gaba. Allah ya sa mu dace.